Gubar Dalma Da Masu Tallar Maganin Wankin Hanta: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Duk mai cin kasuwannin kan iyaka, tun daga Ƙonni da Ilela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, ya san motar nan ko baron nan mai lasifika da ke tallar maganin gargajiya tun da hantsi har la'asar sakaliya. A da, abin da aka saba ji shi ne basir da shawara da sanyi da ƙarfin maza. To yanzu an ƙara sabon kirari a kan na da: wai ga jiƙo ko gari ko ƙwayar da aka tatso daga itatuwa, mai wanke hanta tas, mai kare ta daga gubar dalma da zaiba da sauran ƙarafa masu illa. Wasu kwalaben a nan gida aka haɗa su, wasu kuwa sun ƙetaro ne daga ƙasashen Asiya cikin kwali mai sheƙi da hoton hanta ja wur a jikinsa. Masu saye kuma ba daga nesa suke ba, mutanenmu ne: masu gyaran batir, 'yan gwangwan, maƙera, masu walda, masu fenti, samarin da suka dawo daga haƙar zinariya, da iyayen da suka ji labarin Zamfara hankalinsu ya tashi.

Mu da ke aikin rediyo a karkara, kusa da waɗannan kasuwanni, muna ganin lokaci ya yi da za a yi wannan magana a fili. Ba mu da gaba da itatuwa, da su aka rene mu, kuma har gobe muna cin zogale muna shan zoɓo. Amma matsayinmu shi ne: wanda ke aiki cikin dalma ko zaiba, sannan ya dogara da jiƙo ya kare shi, ya sayi kwanciyar hankali ne kawai da kuɗinsa, gubar kuwa tana nan tana aikinta a jikinsa da jikin iyalinsa. Ga dalilanmu, mai karatu ya auna da kansa.

Mu fara da abin da ya faru a maƙwabta. A farkon shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a Tarayyar Najeriya, aka ga agwagi suna mutuwa, daga baya kuma sai ƙananan yara suka shiga amai da jijjiga da suma, suna cikawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare da Sunke, an binne yara da yawa kafin a gane musabbabin abin. Da likitocin ƙungiyar MSF da sauran masana suka auna jini da ƙasa, sai ta bayyana cewa duwatsun zinariyar da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi ko ana niƙawa a inji, cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida da ɗakuna, yara masu rarrafe suna sa hannu a ƙasa suna kaiwa baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. A shekarar 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Kafin nan ma, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun mutu a wata unguwa da ke bakin teku a gefen birnin Dakar na Senegal, sakamakon fasa tsofaffin baturan mota da tankaɗe ƙasar wurin don neman dalmar sayarwa.

Abin lura a nan shi ne yadda aka shawo kan bala'in na Zamfara. Abu biyu aka yi. Na farko, an kankare saman ƙasar gidaje da tituna an kwashe an binne a nesa, an zuba sabuwar ƙasa mai tsabta, an kuma fitar da daka da niƙan dutse daga cikin gari. Garin Bagega sai a 2013 aka samu yi masa wannan aiki, bayan doguwar jiran kuɗi. Na biyu, an ba yaran wani magani na asibiti da ake kira DMSA, wanda aikinsa shi ne ya kama dalmar da ke cikin jini ya fito da ita ta fitsari. Kuma likitocin sun nace a kan cewa sai an tsabtace gari kafin maganin ya yi amfani, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan kamar zuba ruwa ne a rariya. To idan har maganin asibiti, wanda aka tabbatar yana fitar da dalma, ba ya wadatarwa matuƙar ƙofar gubar tana buɗe, ina ga jiƙon da ba a taɓa gwada shi a kan ko mutum goma ba?

Dalili na biyu ya shafi hantar kanta. Mai talla yana nuna hanta domin ita ce jama'a suka sani suke kuma tsoro. Gaskiya ne dalma tana bi ta hanta, tana iya taɓa ta. Amma ba nan ne babban gidanta ba. Dalmar da ta shiga jiki takan yi makonni a cikin jini, sannan mafi yawanta ta lafe a cikin ƙashi da haƙora, inda za ta iya zama shekaru da dama. Mace ta yi ciki, sai dalmar ta taso daga ƙashinta ta shiga jini ta isa ga ɗan da ke ciki. Ɓarnarta mafi muni a ƙwaƙwalwar yara take, sai jini da ƙoda, ga hawan jini ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin yaro yana zuƙe ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa daga dalmar da aka haɗiya, ta kuma ce babu wani adadi na dalma a cikin jini da za a kira shi marar lahani. Zaiba ma, wadda masu zinariya ke haɗawa da garin dutse su ƙona, tururinta huhu yake shiga ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda, shi ya sa ake ganin karkarwar hannu da mantuwa da saurin fushi ga waɗanda suka daɗe a aikin. Saboda haka ko da a ce kwalbar mai lasifika tana kare hanta ɗari bisa ɗari, ta bar ƙwaƙwalwar yaro a fili. An kulle taga ke nan an bar ƙofa a wangale.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai 'yan boko da kansu sun yi bincike sun tabbatar, wasu masu tallar ma har takarda suke ɗagawa mai tambarin jami'a. Ba ƙarya suka yi ba cewa ana bincike. A jami'o'in Najeriya da Masar da Indiya da wasu ƙasashe, an rubuta takardu masu yawa a kan zogale da tafarnuwa da kurkum da habbatus sauda da citta da shuwaka da zoɓo. Amma mu duba yadda ake yin mafi yawansu. Ana ɗaukar ɓeraye 'yan kaɗan a sa a keji, a ba su dalma ko wani ƙarfe mai guba a cikin ruwan sha, a ba wasu daga cikinsu ruwan ganyen da aka tace aka auna daidai da nauyinsu, bayan 'yan makonni a yanka su a duba jininsu da hantarsu. Sau da yawa akan ga hantar waɗanda suka sha ganyen ba ta lalace kamar ta sauran ba, domin ganyayyakin suna da sinadaran da ke rage irin ƙunar da guba ke yi wa tsoka. Wannan ilmi ne, kuma muna yaba wa masu yinsa. Sai dai matakin farko ne na doguwar tafiya. Ɓeran keji na wata guda daban yake da magidancin da ya shekara goma sha biyar yana fasa batir, kuma ruwan da aka auna a ɗakin gwaji daban yake da abin da aka dafa a tukunya aka ɗura a tsohuwar robar lemo. Sannan rage wa hanta zafin guba abu ne dabam, fitar da gubar daga jiki abu ne dabam.

Don kada a ce mun ɓoye wani abu, akwai gwajin da aka yi a kan mutane. A ƙasar Iran, an buga sakamakon wani bincike a 2012 wanda aka yi a kan ma'aikata 117 na wani kamfanin baturan mota, aka ba wasu ƙwayar tafarnuwa wasu kuma maganin asibiti har mako huɗu, aka ga dalmar jininsu ta ɗan sauka a ɓangarorin biyu. Labari ne mai daɗin ji. Amma manya ne, gubarsu ba ta yi tsanani ba, likitoci ne ke auna su, kuma gwaji ne na wata guda. Shi ya sa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin jinyar gubar dalma a 2021, abin da ta sa a gaba shi ne gano inda gubar ke fitowa a toshe shi, da gyara abinci, da maganin asibiti mai kama ƙarfe idan abin ya yi yawa. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, idan dalmar jini ta kai 5 sai a tashi neman tushenta, idan ta yaro ta kai 45 sai a ba shi maganin. A Zamfara an samu yaran da suka haura 100. Yaron da ke wannan hali, duk kwanan da aka ɓata ana ɗura masa jiƙo, ƙwaƙwalwarsa ce ke biyan kuɗin.

Ba muna cewa itace ba ya zama magani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti daga wata ciyawa ta ƙasar Sin aka samo shi, 'yar'uwar tazargade, kuma matar da ta jagoranci aikin ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Kwinin ma daga ɓawon itace ya fito. Amma kowannensu sai da aka ware sinadarin, aka san adadin da ke warkarwa da adadin da ke kisa, aka gwada a kan dubban mutane. Wannan hanya ce muke roƙon a bi da zogalenmu da sauran itatuwanmu, kuma ranar da aka kai ƙarshenta mu ne za mu fara shela.

Dalili na uku shi ne ya fi damun mu, domin wani lokaci maganin da kansa ne ke ɗauke da cutar. A 2004 masu bincike a birnin Bostan na Amurka sun sayo magungunan gargajiyar Indiya iri 70 daga shaguna suka auna, suka tarar ɗaya cikin kowane biyar yana ɗauke da dalma ko zaiba ko wata gubar. A Bangaladash, binciken da aka buga a 2019 ya gano cewa wasu masu sarrafa kurkum suna shafa masa wani sinadarin fenti mai ɗauke da dalma don launinsa ya ƙara kyau a idon mai saye. Wato kurkum ɗin da wani zai saya don ya kare hanta daga dalma, shi ne ke kai masa dalmar har cikin miya. Ganyen da aka shuka a ƙasar da ta gurɓace, ko aka yi ban-ruwansa da ruwan masana'anta, yana iya zuƙo ƙarfen ya taho da shi. Bayan haka, likitoci a Italiya da Amurka sun rubuta labarin mutanen da ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi suka kumbura wa hanta har idonsu ya yi shawara. Abin da ke lafiya a cikin tukunya, idan aka tattara ƙarfinsa aka matse a ƙwaya ana sha safe da yamma, hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Mu kuma tuna cewa lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka jera a kwalin, balle kwalbar da ba ta da ko sunan mai haɗawa.

Wanda kuma yake son hantarsa da gaske, to ga manyan abokan gabarta a wannan yanki namu: ciwon hanta nau'in B, wanda ake ɗauka tun a wajen haihuwa ko ta jini da aska da allura, da kuma gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka ajiye su da danshi. A ƙasar Kenya, a 2004, masarar da ta yi irin wannan fumfuna ta kashe mutum 125. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi, yana da gwaji mai sauƙi. Kuɗin kwalba biyu ko uku na wankin hanta ya fi amfani idan aka kai shi wajen wannan gwaji.

To ina gurbin ganyenmu a cikin wannan magana? Gurbinsa yana cikin kwano. Yaron da cikinsa ke wofi, ko mai ƙarancin jini, ko wanda ba ya samun abincin da ke gina ƙashi, jikinsa ya fi saurin zuƙe dalma. Don haka kwaɗon zogale da miyar kuka da wake da nono da ƙwai da ɗan nama ko kifi, da lemun tsami ko tumatir a kai, suna taimakawa wajen rage abin da hanji ke ɗauka. Wannan shi ne taimakon da aka tabbatar, kuma ba ya buƙatar lasifika. Amma abinci ba lasisin zama cikin guba ba ne. Haka nan gwangwanin madarar da masu walda da masu batir ke sha bayan tashi daga aiki, wai don ta wanke ƙirji, abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da ƙarfe daga jini.

Ya ku 'yan kasuwa, dalilin da ya sa muka nufo ku da wannan magana shi ne, kusan duk hanyoyin da waɗannan ƙarafa ke bi su shiga gidajenmu, ta rumfunanku suke ratsawa. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita a cikin batir take, ga kuma baturan sola da suka cika ƙauyuka. Mai sayen tsohon batir ya sayar da shi a rufe yadda yake, kada a fasa shi ko a narka shi a cikin gida ko a tsakiyar kasuwa kusa da masu abinci, kada kuma a sa almajiri ko ɗan aike wannan aiki. Maƙeran tukwane su ware abin da suke narkawa, domin binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna tukwanen da aka ƙera da tarkacen ƙarfe suna iya sakin dalma a cikin abinci, musamman mai tsami. Masu kayan kwalliya su sani cewa a 2011 an gano wani jariri ɗan asalin Najeriya a Amurka da dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar tozalin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ne. Dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa ba abin sa wa jariri a ido ba ne. Mayukan sauya launin fata da yawa an kama su da zaiba, kuma yarjejeniyar Minamata, wadda ta fara aiki a 2017, ta yi hani da irinsu. Masu kai kaya wuraren haƙar zinariya, daga Jado da Cibarakaten har nan kusa a yankin Ɗan Isa, su gaya wa yaransu: ba a kawo dutse gida, ba a niƙa shi a injin hatsi, ba a ƙona zaiba a ɗaki. Duk mai irin waɗannan sana'o'i ya yi wanka ya sauya tufafi da takalmi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko goro. Wannan bai kai kuɗin kwalba ɗaya ba, kuma ya fi kwalba ɗari.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Shekara da shekaru man fetur yana ɗauke da dalma, kowa yana shaƙa a kan hanya. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina shi a farkon 2006, ƙasa ta ƙarshe a duniya, wato Aljeriya, ta daina a 2021. Ba a raba wa kowa jiƙo ba, an cire dalmar ne daga man. Su ma mutanen Bangaladash, da hukuma ta shiga kasuwa da na'urar aunawa tana cin tarar masu laifi, aka kuma wayar da kan dillalai, cikin ɗan lokaci gurɓataccen kurkum ya ja baya ƙwarai. Kasuwa tana jin magana idan shugabanninta suka tsaya.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu da su ware wa masu batir da masu narka ƙarfe wuri nesa da rumfunan abinci da rijiyoyi. Muna kira ga hukumomin lafiya da su kawo na'urar auna dalmar jini a manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa da na Katsina da Sakkwato, ta yadda talaka zai iya kai ɗansa, su kuma riƙa ɗibar samfurin magunguna da kayan yaji da tozali daga kasuwa ana kaiwa ɗakunan gwaji irin na LANSPEX da ke Yamai. Jami'an duwan da na kwastan su duba abin da ke cikin kwali, ba kuɗin fito kaɗai ba. Gidajen rediyo su nemi hujja kafin su sa tallar da ke cewa tana maganin guba. Masu maganin gargajiya na ƙwarai kuwa, waɗanda suka gada suka kuma san iyakar saninsu, su ne ya kamata su fi kowa tsawatarwa, domin sunansu ake ɓatawa. Idan aka kawo muku yaro mai jijjiga ko yawan amai ko ciwon ciki da kasala, kuma ubansa mai batir ne ko mai zinariya, ku ce a wuce asibiti nan take, a kuma gaya wa likita sana'ar uban.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a sha'anin dalma maganar ta fi ko'ina nauyi, domin abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro ba ya dawowa ko da an fitar da ita daga baya. Yaron zai iya rayuwa, amma karatu ya gagare shi, lissafin kasuwa ya gagare shi, alhali shi muke sa ran ya gaji rumfar. Mu ci ganyenmu a matsayin abinci, mu bar masana su ci gaba da bincikensu, mu kuma toshe hanyar gubar tun daga bakin rumfa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka.